A Daina Auna Ɗan Ƙwallon Kwando da Yawan Maki Kaɗai

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in tofa albarkacin bakina kan yadda matasanmu a Gombe suke auna 'yan ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, musamman masu raba ƙwallo daga baya. Kwanan baya, a wani gidan kallo da ke Jekadafari, na ji wani matashi yana rantsuwa cewa duk wanda ya fi zuba maki a jami'a sai ya yi fice a NBA, gasar ƙwararru ta Amurka.

Jimmer Fredette ya fi kowa maki a gasar jami'o'i a kakar 2011, aka ɗauke shi na 10 a zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA, amma bai samu gindin zama a can ba, domin tsaronsa yana da rauni. Stephen Curry kuwa, wanda aka raina saboda rashin kauri, ƙungiyar Golden State ta ɗauke shi na 7 a 2009, ya kuma yi fice.

A ganina, abin dubawa shi ne saurin yanke shawara, tunda daƙiƙa 30 na kai hari a jami'a suna komawa 24 a NBA, layin da ake jefa ƙwallo daga bayansa a samu maki uku kuma yana ƙara nisa, daga mita 6.75 zuwa 7.24. Sannan a lura ko ɗan wasan yana zubar da ƙwallo idan mutum biyu suka matsa masa.

Naku,
Mai karatu daga Gombe