Amsa ga tsohon kansilan da ya tambaye ni batun magajin garin Manila

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. A shirin rediyon da aka yi da ni kan 'yancin ƙananan hukumomi na ambaci Manila, babban birnin ƙasar Filifin, sai ka bugo waya ka ce kai tsohon kansila ne, ka jefo mini tambaya kowa na ji: shin magajin garin nan da nake yabo yana da iko na gaske, ko shi ma yaron shugaban ƙasa ne? In kuma yana da ikon, me zai hana shi zama ɗan ƙaramin sarki? Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa ba, shi ya sa na rubuto.

Yana da iko, Malam, amma ba da shi aka haifi kujerar ba. Kafin zuwan Turawa, Manila gari ne na sarakuna Musulmi, cikinsu har da Raja Sulaiman. A 1571 Legazpi ya ci garin da sunan sarkin Sifaniya, ya kafa majalisar birni mai alƙalai biyu da kansiloli 12, dukansu Sifaniyawa. 'Yan ƙasa suna bayan ganuwa, sai dai a yanke musu hukunci su ji. Da Amurka ta karɓi ƙasar, a 1901 aka naɗa Arsenio Cruz Herrera magajin gari. Ɗan ƙasa ne, amma naɗi ne daga sama, kuma haka aka ci gaba har bayan samun 'yancin kai a 1946: wanda shugaban ƙasa ya ga dama shi ke hawa kujerar.

Sai a 1951 mutanen Manila suka zaɓi magajin garinsu da hannunsu. Arsenio Lacson suka zaɓa, ɗan jarida mai kaifin harshe da aka sani da caccakar manya a rediyo. Ya tarar da birnin cikin bashi, ya shiga biya, ya kori ma'aikata da 'yan sandan da aka samu da cin hanci. A shekararsa ta farko shugaba Quirino ya dakatar da shi, wai saboda wata ƙarar ɓata suna da aka shigar a kansa. Lacson ya tafi Kotun Ƙoli, a farkon 1953 kotu ta ce dakatarwar ba ta bisa doka, ya koma ofis. Sau uku aka zaɓe shi, a kan kujerar ya rasu a 1962. Ni dai a ganina ranar da kotu ta mayar da shi ce kujerar ta zama ta mutanen birni, domin an nuna wa fadar shugaban ƙasa cewa wanda ba ita ta ɗora ba, ba ita za ta sauke yadda take so ba.

An so a ƙwace abin daga baya. Shugaban ƙasa Marcos ya kafa dokar soja a 1972, a 1975 ya haɗa Manila da garuruwan da ke kewaye da ita ƙarƙashin hukuma ɗaya, ya ɗora matarsa Imelda gwamna a kansu. Magajin garin lokacin, Ramon Bagatsing, wanda ya rasa ƙafa a harin bam na dandalin Plaza Miranda a 1971, ya zauna a kujerarsa amma da wata a samansa. Ko Corazon Aquino da ta zo da sunan dimokuraɗiyya a 1986, kantomomi ta naɗa a biranen ƙasar, sai a 1988 aka koma zaɓe. Kai da ka yi kansila ka san abin da kantoma yake nufi, ba sai na faɗa maka ba.

Dokar ƙananan hukumomi ta 1991 ce ta gina ofishin da ake gani yau. Ta ware wa ƙananan hukumomi kashi 40 cikin ɗari na harajin cikin gida, ta ce a sakar musu kai tsaye ba tare da wani ya riƙe ba. Ta miƙa musu kiwon lafiya da aikin gona da jin daɗin jama'a. Magajin garin Manila shi ke tsara kasafin kuɗi, shi ke sa hannu a lasisin kasuwanci, kuma duk watan Janairu sai ka ga masu shaguna a layi da takardunsu sun zo sabuntawa. Birnin yana da asibitoci nasa na kansa da jami'o'i biyu. 'Yan sanda na ƙasa ne, amma shi ke zaɓar shugabansu na birni daga sunayen da aka kawo masa. Da Isko Moreno, wanda ya tashi yana tsintar bola a unguwar Tondo, ya hau a 2019, cikin 'yan kwanaki ya kwashe masu tebur daga titunan kasuwar Divisoria. Motoci suka sami hanya inda da ko mai tafiya a ƙasa sai ya yi ta kutsawa. Masu talla da yawa kuwa suka rasa wurin neman abinci, kuma sun san ƙofar da za su je su yi kuka, domin mai umarnin a garinsu yake.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi damuna, don tsoronka yana da tushe. Doka ta sa masa linzami: wa'adinsa shekara uku, ba ya wuce uku a jere. Mataimakinsa zaɓensa daban, yana iya fitowa daga jam'iyyar hamayya, kuma shi ke shugabantar majalisar kansiloli. In magajin gari ya hau kujerar naƙi kan wata doka, kashi biyu cikin uku na kansiloli suna iya tsallake shi. Duk da haka 'yan siyasa sun gano kafa. A Makati, maƙwabciyar Manila, Jejomar Binay ya hau a 1986, da wa'adinsa ya cika matarsa ta riƙe masa, ya dawo, sannan ɗansa, sannan 'ya'yansa mata biyu ɗaya bayan ɗaya. A Davao, Rodrigo Duterte ya yi sama da shekara 20 a kujerar yana musaya da 'yarsa, kuma a 2025 aka sake zaɓensa yana tsare a hannun kotun manyan laifuka ta duniya a birnin Hague. Tsarin mulkin 1987 ya haramta gadon kujera a gida ɗaya, amma ya bar wa majalisa ta yi dokar, majalisar kuwa cike take da 'ya'yan gidajen, ta yi fiye da shekara 30 tana jan ƙafa. Wannan abin kunya ne, kuma ba zan ɓoye maka shi don in ci gardama ba.

Manila kanta ba ta faɗa hannun gida ɗaya ba. Mutanenta sun kayar da Alfredo Lim a 2013, sun kayar da tsohon shugaban ƙasa Joseph Estrada a 2019, sun kayar da Honey Lacuna, mace ta farko a kujerar, a 2025. Duk ukun suna kan mulki aka kayar da su. Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne hukumar zaɓe ta ƙasa, Comelec, ita ke gudanar da zaɓen magajin gari, rana ɗaya da na majalisar ƙasa. A nan gida kuwa, hukuncin Kotun Ƙolin Najeriya na 11 ga Yuli 2024 kan ƙananan hukumomi ya taɓa kuɗi, ya taɓa kantomomi, amma zaɓen ƙananan hukumomin jihohi yana nan a hannun hukumomin zaɓe na jihohi. In an sake buɗe layin waya a shirin, nan nake so mu dasa, kuma ina so in ji daga bakinka yadda aka yi zaɓen da ya kai ka kansila.

Wassalam.