Renon irin tumatir da attarugu a cikin gida: abin da ya kamata matasanmu su koya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai albarka mu yi magana da matasan Garwa, Marwa da Kuseri. An daɗe ana tambayarmu, a matsayinmu na masu sana'ar lambu, yadda ake shuka wiwi a cikin ɗaki ƙarƙashin fitila, domin samari na ganin hotunansa a waya daga ƙasashen da suka halatta shi. A nan Kamaru dokar 1997 kan miyagun ƙwayoyi ta haramta nomansa, kuma ɗaki ba ya ɓoye wari. Wannan ke nan. Amma dabarar da ke burge su, wato tayar da tsiro daga ƙwaya a wuri mai rufi, tana da amfani sosai idan aka juya ta kan tumatir, tattasai da attarugu, kuma ita muke son bayyanawa.

Dashe ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya ga yadda ake renon masakwa, wato dawar rani, a ƙarshen damina kafin a kai ta karal, filin laka mai riƙe ruwa, ya san cewa gona tana farawa ne daga wurin reno. Matsalar kayan miya ita ce lokacin da ake buƙatar renonsu shi ne lokacin da sarari ba ya yi musu daɗi. Attarugun damina ana zuba shi ne a Afrilu ko Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, alhali ƙwayarsa ta fi son 25 zuwa 30. Tumatirin rani kuma ana zuba shi a ƙarshen Satumba ko Oktoba, lokacin da ruwa ɗaya mai ƙarfi zai iya kwantar da gadon reno duka. Zaure, rumfa ko baranda suna kare iri daga waɗannan biyun, da kuma kaji da awaki.

A fara da gwada irin. A ƙirga ƙwaya 10, a naɗe su a tsumma mai danshi, a sa cikin leda, a ajiye a inuwa. Tumatir zai nuna kansa cikin kwana 5 zuwa 8, attarugu kuwa yakan kai mako biyu ko uku, saboda haka kada a yi saurin yanke masa hukunci. Idan 7 ko fiye suka tsaga, iri na da kyau. Idan ƙasa da 5 ne, a nemi wani. Iri yakan mutu ne a shago, inda fakiti ya kwana a rana wata da watanni. Ga mai koyo, irin tumatir na Roma, Rio Grande da UC82 sun fi sauƙin sha'ani. Wanda ya sayi fakiti mai alamar F1 ya sani cewa ba a ajiye ƙwayar 'ya'yansa don baɗi, domin ba za su fito kamar uwarsu ba. Giram ɗaya na irin tumatir ya kai ƙwaya kusan 300, don haka ƙaramin fakiti ya ishi mai farawa har ya rage.

Sai ƙasa, kuma a nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Ba a ɗebo ƙasar karal a zuba a gwangwani; tana kama ruwa, in ta bushe ta tsage ta tsinke saiwa. A haɗa kwano biyu na ƙasar sama mai laushi, kwano ɗaya na takin dabbobi da ya ruɓe sarai, da kwano ɗaya na yashin rafi. Mutanen Yagwa da ke da ɓuntun shinkafa a yalwace suna iya babbaka shi ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba, su sa shi a madadin rabin yashin. Takin da ya ruɓe ba ya wari, ba ya ɗumi idan ka tura hannu cikinsa. Ɗanyen kashin kaji kuwa wuta ne, zai ƙone tsiron tun bai buɗe ganye ba. A tankaɗe haɗin da rariya, sannan a kashe cutar da ke ciki. Hanya mafi sauri ita ce a jiƙa shi kaɗan, a zuba a rabin durom, a rufe, a ɗora kan wuta ya yi tururi na minti 30, a bar shi ya huce kwana ɗaya. Wanda ba ya gaggawa zai iya shimfiɗa shi a rana ƙarƙashin farar leda mai nuna ciki na makonni huɗu a lokacin bazara. Mutane na ganin wannan aiki ɓata lokaci ne, har ranar da za su tashi da safe su tarar da rabin tsiron a kwance.

Mazubi ba sai an saya ba. Ledar ruwan sha da aka yanke bakinta, gwangwanin madara, ko kofin roba duk suna yi, muddin zurfinsu ya kai tsawon yatsa kuma an huda ƙasansu wuri uku ko huɗu. Kwalin ƙwai ya yi ƙanƙanta, yana bushewa da wuri. A cika mazubin, a bar ɗan fili a sama, a jiƙa ƙasar kafin shuka, ba bayanta ba. A sa ƙwaya biyu a rami mai zurfin rabin santimita zuwa ɗaya, a rufe da yatsa ba tare da dannawa ba. Wanda ya binne iri da zurfi zai jira har ya gaji. A lulluɓe da buhun algarara mai danshi ko busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya, a riƙa dubawa safe da yamma.

Ranar da aka ga kan tsiro na farko, a ranar za a ɗauke lulluɓin a kai shi ga haske. Wannan shi ne sirrin renon cikin gida baki ɗaya. Ƙwaya ba ta buƙatar haske don ta tsaga, amma tsiro yana buƙatarsa nan take, kuma hasken ɗaki da ido ke gani kamar ya isa, ga shuka duhu ne. Kwana biyu kacal a ɗaki sun isa su sa tsiro ya yi tsawo, ya yi siriri, ya koɗe, ya karkata wajen taga, kuma irin wannan ba ya ƙara yin ƙwari. A nemi wurin da ranar safe ke sauka daga fitowarta zuwa wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, sannan inuwa ta rufe shi da tsakar rana. Barandar da ke fuskantar gabas ta fi ko'ina. A riƙa juya mazuban kowace rana. Mai son amfani da fitila zai buƙaci farar fitilar LED doguwa, a rataye ta kamar taƙi ɗaya sama da ganye, tana ci awa 14 zuwa 16 a rana. A ganinmu wannan asarar kuɗi ce a ƙasar da Allah ya hore wa rana, balle ga wutar da ke zuwa tana tafiya.

Yawan ban ruwa ya fi kashe tsiro a kan ƙishi. A tsoma yatsa a ƙasar. Idan da danshi a ƙyale ta. A ba da ruwa da safe, da gwangwanin da aka yi wa ƙananan huji, ko a jera mazuban a faranti a zuba ruwa a ƙasa su sha na minti goma a zubar da saura. Ruwan yamma yana kwana a gindin tsiro, kuma daga nan ne ruɓewar gindi ke kamawa: karan ya tsuke daidai bakin ƙasa kamar an ɗaure shi da zare, tsiron ya faɗi alhali ganyensa kore ne. Wanda ya kamu ba ya tashi. A cire shi da ƙasarsa a jefar nesa, a rage ruwa, a raba mazuban iska ta ratsa. Idan aka ga farin gishiri yana taruwa a saman ƙasa, ruwan rijiyar ne ke da kanwa. A sauya ruwa ko a zuba da yawa sau ɗaya har ya tsiyaye ta ƙasa.

Da ganyen gaskiya na farko ya fito, wato wanda ya biyo bayan ƙananan ganye biyun da tsiro ke fara fitowa da su, a yanke tsiron da ya fi rauni da almakashi a bar ɗaya. Kada a tumɓuke, zai ja saiwar ɗan'uwansa. Daga mako na biyu, idan ganye ya fara rawaya, a narka ƙaramin cokali ɗaya na takin NPK 20-10-10 a lita 5 na ruwa, a ba su sau ɗaya a mako a gindi. Fiye da haka yana ƙone bakin ganye.

A rufe wurin renon da raga mai ƙananan ido tun daga ranar farko, a danne gefenta da duwatsu. Farin ƙuda, ɗan mitsitsin nan da ke tashi idan aka taɓa ganye, shi ke ɗauke da cutar da ke naɗe ganyen tumatir ta tsugunar da shi, kuma tsiron da ya kamu tun yana reno ba zai ba da abin kirki ba. Gidan sauro na kwana yana rage shi amma idonsa ya yi faɗi, sai dai a ninka. Ragar tana kuma tare malam-buɗe-littafin tsutsar Tuta absoluta mai cin ganye da 'ya'yan tumatir, wadda ta yi wa manoman Kano da Kaduna ɓarna a 2016.

Tumatir yana isa dashe a kwana 25 zuwa 30, da ganye huɗu ko biyar da kara mai kauri. Tattasai da attarugu sai mako shida zuwa takwas. Mako guda kafin a kwashe su, a riƙa ƙara musu awa ɗaya ko biyu na rana kullum ana rage ruwa, domin wanda aka fitar daga rumfa kai tsaye zuwa fili ganyensa kan yi fari ya bushe. A yi dashen bayan la'asar, a jiƙa mazubin tukuna, a yaga ledar a sa shi da dunƙulen ƙasarsa. Tumatir ana iya nutsa shi har kusa da ganyen ƙasa don yana fitar da saiwa a jikin kara, attarugu kuwa a tsayar da shi daidai inda yake a mazubi. A bar santimita 50 tsakanin tumatir, 60 tsakanin attarugu, a ba su ruwa nan take.

Wanda ba shi da fili a bakin kogin Binuwai ko Logon yana iya tsayawa a renon kawai ya sayar wa masu lambu, amma ya fara jin irin da suke so da makon da za su yi dashe kafin ya zuba ko ƙwaya ɗaya, ya ƙirga kwanakin baya.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu sana'ar lambu,
Garwa, Kamaru