Amsa ga Malamar da ta tambaye mu kan wasan mai tsoron idon jama'a

Assalamu alaikum Malama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Kin jefo mana tambaya a bainar jama'a, kika ce mai fargabar shiga mutane shiru yake yi ya raɓe a lungu, to ta yaya wasan da aka cika da waƙa da rawa da taron 'yan wasa zai nuna halin da yake ciki? Kin kuma ce da ɗalibanki za ki shirya shi. Mu da shirya irin waɗannan wasanni ya zama sana'armu, ga abin da za mu ce.

Bakinsa ne kawai ya yi shiru, amma cikin kansa kasuwa ke ci, kuma kasuwar nan ita za ki ɗora a dandamali. Kada ki bar wa jarumar wasan, wato mai fargabar, nauyin nuna lalurar da kyarma da zare ido. 'Yan amshi ne za su ɗauke shi. A 1995 masana halayyar ɗan Adam, David Clark da Adrian Wells, sun bayyana yadda abin ke tafiya: hankalin mutum ya koma kansa, yana ganin kansa yadda yake zaton ana ganinsa, ya shiga dabarun kare kai, kamar sunkuyar da kai, ko damƙe kofi don kada a ga hannunsa na rawa, bayan an watse kuma ya kwana yana tuhumar kansa. A kan waɗannan ukun za ki gina wasan.

Ki ɗauki 'yan amshi 8 zuwa 12. Idan ba su kai shida ba, ba sa kama da taro, idan sun yi yawa kuma kalmomin waƙar sai su cakuɗe. Aiki biyu za su yi. A farin haske mutane ne na gaske, suna magana ba waƙa. Da an sauya launin fitila sun zama abin da ke cikin kan jarumar, sai su rera abin da take zaton suna faɗa. Ki tsare wannan ƙa'ida tun daga fitowa ta farko, domin idan kika karya ta sau ɗaya, 'yan kallo za su ɗauka da gaske ake zaginta, wasan ya koma labarin cin zali.

Motsi mafi ƙarfi a wasan nan ba tsalle ba ne, juya kai ne. Ki ƙirga musu takwas, a kan ɗaya ta gaba duka su waiwayo gare ta lokaci guda. Mutum ɗaya ya makara da rabin daƙiƙa, dariya za ki ji a zaure. Ki ware masa minti goma a kowane gwaji.

Ganga ita ce zuciyarta. Zuciyar babba a hutu tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, don haka makaɗi ya fara daga 70, ya hau a hankali zuwa wajen 130 cikin minti ɗaya da rabi. Makaɗa suna da gaggawa, kafin ki ankara sun kai ƙololuwa, babu sauran wurin hawa, saboda haka ya riƙa jin na'urar ƙirga bugu a kunnensa. Daga ƙololuwar a yanke komai, shiru na daƙiƙa biyar cur. 'Yan wasa za su so su katse shi a biyu, don a kan dandamali shiru yana jin kamar shekara. Ki hana.

Jarumar kuwa a ba ta waƙa guda da za ta saki murya sosai lokacin da take ita kaɗai. A cikin mutane sai a ji wannan baitin yana fitowa guntu-guntu. Idan ba a taɓa jin muryarta a sake ba, ba wanda zai san abin da fargabar ta ƙwace mata.

Akwai haɗari biyu na jiki. Kada ta yi haki na gaske: numfashi da sauri yana rage iskar kabon da ke cikin jini, ya kawo jiri da sanyin yatsu, har ta iya faɗuwa. Kafaɗunta su nuna hakin, ita tana numfashi a hankali. Sannan fitilar da ke walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya ciwonsu, ki bar ta gaba ɗaya. Masu rawa mai ƙarfi kuma ba sa iya riƙe dogon sauti, sai ki raba su gida biyu, rabi na taku, rabi na rerawa, su riƙa musanya.

Inda muke so ki fi zama shi ne daren bayan taro. A ce ta zubar da ruwa kaɗan a tebur. 'Yan amshi su maimaita mata abin sau uku, kowane zagaye dariyar ta fi ta baya, kiɗan ya fi nauyi, da'irar da suka yi mata ta fi matsewa da taku ɗaya. Sannan a nuna shi sau ɗaya a farin haske yadda ya faru: wani ya goge wurin yana ci gaba da hirarsa, ko ɗago kai ba wanda ya yi.

Don Allah kada ki warkar da ita da babbar waƙar ƙarshe. Ko maganin zama da ƙwararre yakan ɗauki watanni. Ya isa ta faɗi jimla ɗaya cikakkiya a gaban mutane, 'yan amshi na nan suna gunaguni ƙasa-ƙasa.

Lalurar nan ta fi farawa a wajen shekara 13, saboda haka mai yiwuwa cikin ɗalibanki akwai mai ita. Kada ki tura shi gaba da sunan magani, kada kuma ki sa shi ya ba da labarinsa a gwaji. Ki ba shi wuri a tsakiyar 'yan amshi, idan ya nemi layi ɗaya daga baya, ki ba shi.

Wassalam.