Wasiƙa Daga Sakkwato: Ruwan Goronyo Ya Ja, Jirage Sun Yi Yawa

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Mu nan hunturu ya tattara kayansa, zafi ya fara leƙowa, ka dai san Sakkwato.  Bari in fara da abin da ya hana ni haƙuri har na ɗauki alƙalami.

Kifin robar nan mai ƙugiya da ka aiko, na yaudarar kifi, ya kama giwan ruwa! Wallahi ya kama. Wanda ke da jan kai da dogon leɓe, wanda Kawu ya juya a hannunsa ya ce kayan wasan yara ne. Mun kwana a Goronyo wajen surukin yayana, muka shiga ruwa bayan sallar asuba, muna bin tsohuwar hanyar gulbin Rima inda ruwa ya fi zurfi. Muna cikin karya kwana sai sandar ta lanƙwashe, zare ya shiga kuka. Da ta taso sama ta buɗe baki tana girgiza kai, sai da na ga jan kan robar maƙale a gefen muƙamuƙinta. Tsawonta ya kai daga ƙasa zuwa ƙuguna. Kawu bai ce uffan ba sai da muka kwantar da ita cikin jirgi, sannan ya ce, "To, abin ga na da sihiri." Inna ta yi farfesun kan, kuma an ambace ka a wajen ci, an ce da kana nan da ba wanda zai ga romo.

Tunda kai ka saya amma ba ka taɓa jan shi ba, tsaya ka ji yadda ake yi. Kana sakin zare a bayan jirgi kamar taku 30 zuwa 40, inji yana tafiya a hankali, daidai tafiyar mutum mai ɗan sauri. Idonka yana kan bakin sanda. Muddin yana rawa, kifin robar yana iyo yadda ya kamata. Da ya daina, ciyawa ta naɗe shi, sai ka jawo ka share. Dogon leɓe shi ke sa ya nutse, kuma ƙara tsawon zare yana ƙara masa zurfi. In kana son ya kai ƙasa sosai sai ka ɗaura 'yar dalma a gabansa. Ba a miƙe hanya sak, ana tafiya ne ana ɗan karkacewa, domin a kwana zaren da ke ciki yana rage gudu, na waje kuma ya ƙara gudu, kuma wannan sauyin ne ke tunzura kifin da ya daɗe yana bin abin a baya. In akwai tsage a wurin, sai ka sa guntuwar waya tsakanin zare da ƙugiya, don haƙoransa ba sa barin zare. Da kifi ya kama, na kusa da kai ya naɗe nasa zaren maza, kada su sarƙe.

Af, mai shayinmu na bakin tasha ya ƙara aure. Ya ce in gaya maka bashinka na nan a rubuce, ba ya ruɓewa. Albasa kuma ta yi kyau bana, tafarnuwa ma haka, hanyar Goronyo duk warinsu take.

Amma abin da ke ci mini rai daban ne, kuma da shi nake kwana. Ka san dam ɗin nan na Goronyo, tun da aka gama shi a 1984, an gina shi ne ya ɗauki ruwa kubik mita miliyan 942. Da kaka in ka tsaya a bakinsa ba ka ganin ƙarshensa, kowa ya samu wajen sakewa. Yanzu kuwa rani ya yi nisa, ana sakin ruwa saboda masu noman rani da ruwan shan birni, yashi da laka sun cinye wani sashe, ruwan ya ja ya koma tsakiya. Inda kifi ya taru, nan kowa ya taru: mai kalli (ragar da ake shimfiɗawa cikin ruwa), mai birgi (ragar jefawa), mai mamari (dogon zare mai ƙugiyoyi da yawa), masu gura (tarkon kifi) a gefe, ga jiragen fito ranar kasuwa, ga shanun Fulani a bakin mashaya. Sai kuma mu 'yan birni masu inji da dogon zare a baya, da muka fara yawa.

Ran nan wasu samari suka zo da jirgi mai babban inji, ban san su ba, ba kuma na son sani. A gabana suka ratsa tsakanin jarkoki biyu da ke yawo a kan ruwa. Duk wanda ya taɓa shiga ruwa ya san jarka biyu a jere alama ce ta kalli a ƙasa. Ƙugiyarsu ta kama ragar, suka ja, ta ƙi. Maimakon su tsaya su kwance, ɗayansu ya zaro wuƙa ya yanka ragar don ya ceci kifin robarsa. Mai kallin dattijo ne, Basarke, wato masunci na gado, yana can nesa a ɗan kwalekwalensa. Kafin ya tuƙo ya iso sun ba da ƙura, igiyar ruwan da suka tayar ma ta kusa kifar da shi. Na matsa kusa da shi, na kashe inji. Yana ɗago ragar hannu bayan hannu, ga wani yage da mutum zai iya wucewa ta ciki, ga 'yan karfasa biyu suna motsi a gefe. Bai yi zagi ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ruwan ga na Allah na, ba mu hana kowa. Amma wagga raga bashi ta." Mutumina, har yanzu in na tuna sai in ji maƙogwarona ya toshe.

Mu nishaɗi ke kai mu. Shi kuwa abincin gidansa ne. In kifin robarka ya kama ragar wani, naka za ka yanke, ba nasa ba, in ya so ka bi shi ka roƙa ya cire maka. Kuma mai jan zare shi ya kamata ya fi kowa ladabi, domin wurin da yake ci a kan ruwa ya ninka tsawon jirginsa sau da yawa. Ni dai abin da Kawu ya ɗora ni a kai ke nan: ka zagaya ta ƙarshen jarka, kada ka bi tsakani. Ka rage wuta tun daga nesa in ka hango mai tuƙi da hannu. Mai birgi da ya tsaya shiru yana jiran kifi ya taso, kada ka kai masa ƙarar inji, ka kore masa abin da ya daɗe yana fako. Ka yi sallama, ka ce Allah ba da sa'a, ka tambaya ina aka yi shimfiɗa. Sau tari su da kansu za su nuna maka hanyar da babu raga, har su gaya maka inda suka ga giwa tana kora ƙananan kifi.

Tsakaninmu masu ja ma akwai gyara. Wani zai ga ka kama, sai ya taho ya gitta ta bayanka, farfelarsa ta datse maka zare. Wani ya biyo hanyar da kake bi ta gaba da gaba, alhali da kowa zai bi hannu ɗaya yana zagayowa, da an wadata. Wanda kifi ya kama wa kuwa a ba shi fili har ya gama, ko da za ka naɗe naka ka jira. Sannan guntayen zare da ake watsarwa a bakin ruwa, na ga wani balbela da shi naɗe a ƙafa, ban ji daɗi ba.

Kana tuna zuwanmu Argungu, yadda dubban mutane ke tsaye da homa da gora a bakin gulbin Matan Fada, ba mai taɓa ruwa sai an ba da izini? Tun 1934 ake wannan taro, kuma maganar Sarkin Ruwa ce ke riƙe da shi. Abin da nake so mu 'yan birni mu gane ke nan, ruwa yana da masu shi tun kafin a ƙera inji. Kai dai a ranar kana can bayan rumfa kana fama da tsire, kifi na ganinka mai jar koma.

Na yi magana da surukin yayana, ya ce zai kai ni gaida Sarkin Ruwan yankin ranar Juma'a bayan masallaci. Ina so in roƙe shi ya ware mana gefe da lokaci, mu kuma mu haɗa kuɗi a tsakaninmu a saya wa dattijon nan sabon kalli. Mutum uku sun riga sun amsa. Na sa sunanka a na huɗu ban tambaye ka ba, don na san halinka.

In za ka aiko da naka, haɗo mini da wayar nan ta tsage, da rigar ruwa guda biyu, ɗaya babba saboda Kawu, ya ƙi sawa amma zan matsa masa. Direban da ya kawo na farko yana tasowa ƙarshen wata.

Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara. Inna na gaishe ka, ta ce ka rage shan sanyi.

Naka har kullum,
abokinka na Sakkwato