Tatsuniyoyin Turai a Cikin Kumbo: Ra'ayin Wani Mai Karatu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in tofa albarkacin bakina game da wasu littattafan matasa da suka yi tashe a Amurka daga wajen 2011 zuwa 2016, waɗanda kuma 'ya'yanmu da ƙannenmu masu karatun Turanci suke samunsu yanzu a wayoyinsu. Salonsu shi ne marubuci ya ɗauko tsohuwar tatsuniyar da kowane ɗan Bature ya tashi da ita, irin su Cinderella da Rapunzel da Snow White, ya raba ta da zamanin dawaki da mayu, ya kai ta zamanin kumbo da mutum-mutumi da zaman mutane a duniyar wata. Na karanta da dama daga cikinsu, kuma abin da na lura shi ne suna yin armashi ne kawai a inda kimiyyar ta tilasta wa marubuci ya amsa tambayar da tatsuniya ba ta taɓa damuwa da ita ba. A sauran wuraren kuwa, tsafi ne aka sanya wa rigar ƙarfe. Wanda bai karanta ba kuma yana da niyya, ya yi mini uzuri, domin dole in taɓa ƙarshen wasu labaran.

Mafi shahara a wannan fage shi ne jerin littattafan Marissa Meyer da ake kira The Lunar Chronicles, wanda ya fara da Cinder a 2012, sai Scarlet a 2013, da Cress a 2014, sannan Winter ya rufe labarin a 2015. Cinder yarinya ce 'yar shekara 16 mai sana'ar kanikanci a wata rumfa a kasuwar Sabuwar Bejin, bayan an gama yaƙin duniya na huɗu, kuma sama da kashi ɗaya cikin uku na jikinta inji ne, saboda aikin da likitoci suka yi mata. Farkon abin da mai karatu zai tarar shi ne tana fama da wata kusa da ta yi tsatsa a idon sawunta, tana ƙoƙarin kwance ƙafar ƙarfen da aka sa mata tun tana shekara 11, wadda ta daɗe da yi mata kaɗan, ba a kuwa saya mata wata ba. Wannan ƙafar ce za ta tsaya a matsayin takalmin gilashi na tatsuniyar Cinderella. Matar mariƙinta, Adri, ta ƙwace sabuwar ƙafar da yarinyar ta saya da guminta, don haka da tsohuwar ta je bikin fada, a cikin wata tsohuwar mota mai ruwan lemo da ta tsinta a juji ta gyara, kuma a kan matakalar fadar ƙafar ta fizge a gaban Yarima Kai da wasu manyan ƙasa.

A nan marubuciyar ta burge ni, kuma ba don dabarar musanya takalmi da ƙafa ba, wadda kowa zai iya tunaninta. A tatsuniya, takalmin da ya faɗi shi ne ke ɗaga darajar yarinya, domin da shi ake gane ta a kai ta gidan sarauta. A wannan littafi ƙafar da ta faɗi asirinta ta tona, ta nuna wa jama'a abin da ta yi shekaru tana rufewa da safar hannu da dogon takalmi, kuma daga wurin bikin kurkuku aka wuce da ita. Haka nan tatsuniya ba ta taɓa gaya mana dalilin da ya sa ba wanda ya tsawata wa matar uba a kan zaluncinta. Mai sauraro yakan karɓa kawai cewa haka duniya take. Meyer kuwa sai da ta gina dokar da ta ɗaure wa zaluncin gindi. A ƙasar da ta ƙaga, wanda jikinsa ya haɗu da inji ba cikakken ɗan ƙasa ba ne, yana ƙarƙashin ikon mariƙinsa, kuɗin da ya samu na mariƙin ne, kuma daga cikin irinsu ake jefa ƙuri'a a ɗebi waɗanda za a yi gwajin maganin annobar letumosis a jikinsu. Saboda haka lokacin da ƙaramar 'yar Adri, Peony, wadda ita kaɗai ce ke ƙaunar Cinder a gidan, ta kamu da cutar, uwar ba ta buƙaci boka ba. Hannu kawai ta sa a takarda ta miƙa Cinder ga masu bincike, aka biya ta. Matashin da ya karanta wannan zai fita da tambayar da ta fi ta tatsuniya nauyi, wato wane ne ya rubuta dokar, kuma su wa ke cin moriyarta.

Littafin da ya fi wannan zurfi a wurina, ko da yake bai kai shi suna ba, shi ne A Long, Long Sleep na Anna Sheehan, wanda ya fito a 2011, aka gina shi a kan tatsuniyar gimbiyar da ta yi barcin shekara 100. Rosalinda Fitzroy, magajiyar wani hamshaƙin kamfani, ta farka daga cikin na'urar da ke tsayar da jikin mutum ba tsufa ba mutuwa, bayan shekara 62, ta tarar iyayenta sun rasu, duniya kuma ta ratsa wani bala'i da ya ci miliyoyin rayuka. A hankali mai karatu zai gano cewa ba mayya ba ce ta yi mata baki. Iyayenta ne suka saba sa ta a na'urar duk lokacin da za su yi tafiya, ko suka ga ta fara yi musu gardama, su fito da ita idan sun ga dama, ita kuwa ta tashi tana ɗaukar hakan a matsayin gata. Tatsuniyar asali ba ta tambayi abin da yarinya ta yi asara a cikin barcinta ba, tunda dukan fadar tare da ita aka yi barcin. A nan kowa ya ci gaba da rayuwarsa ya bar ta, har yaron da ta sani yana jariri ya girma ya kamo ta a shekaru, daga baya ya wuce ta. Abin sha'awa shi ne wannan ya yi kusa da yadda wasu tatsuniyoyin suke tun farko, domin a bugun farko na littafin 'yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, na 1812, sarauniyar da ta nemi kashe Snow White mahaifiyarta ce ta cikinta, sai a bugun 1819 suka mayar da ita matar uba domin kada abin ya yi wa iyalai nauyi.

To, amma yabon gwani ba ya hana a faɗi inda ya gaza. Mutanen duniyar wata a littattafan Meyer suna da baiwar juya tunanin mutum, su sa shi ya ga abin da babu, ko ya ɗaga hannunsa ya cuci kansa, kuma Sarauniya Levana da wannan take ɓoye tabon fuskarta ta mallake talakawanta. An ce wai sarrafa lantarkin da ke jikin ɗan'adam suke yi. Wannan bayani bai ƙara wa labarin komai ba, domin ba a nuna mana wata ƙa'ida da mai karatu zai bi ya yi hasashen abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba, in ban da cewa wani ya fi wani ƙarfi. Da an ce sihiri ne kai tsaye, da ba abin da zai canza. Irin wannan na gani a Stitching Snow na R.C. Lewis, na 2014, inda wadanni bakwai na tatsuniyar Snow White suka koma injunan haƙar ma'adinai guda bakwai. Abin yana da ban dariya da daɗin karatu, amma musanya ce kawai.

Babban ƙorafina kuwa yana kan asalin Cinder. Bayan an shafe littafi guda ana nuna mana cewa yarinyar da ake ƙyama saboda ƙarfen jikinta mutum ce kamar kowa, mai basira da amana, sai aka bayyana cewa ita ce Gimbiya Selene, magajiyar gadon sarautar duniyar wata da aka ɗauka ta mutu a gobara tana ƙarama. Mai karatu mai lura zai gano haka tun kafin ya kai rabin littafin, amma ba saurin ganowar ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne bayyanar ta rushe hujjar da aka gina, domin yanzu duniya za ta saurare ta ne saboda jinin da ke jikinta, sauran masu ƙafar ƙarfe da ba su gaji sarauta ba kuwa sai su jira ta tuna da su. Gaskiya ne a ƙarshen Winter ta bayyana niyyarta ta sauka daga mulki a mayar da ƙasar jamhuriya, kuma wannan ya rage zafin abin, sai dai juyin juya halin gaba ɗaya a kan haƙƙin gado aka ɗora shi. Ko Cinderella ta marubucin Faransa Charles Perrault, ta 1697, ba a ce sai da ta zama 'yar sarki kafin ta cancanci alheri ba.

Akwai kuma batun wuraren da aka ajiye labarin. Ajiye labarin Cinder a ƙasar Sin yana da madogara, tunda ɗaya daga cikin tsofaffin rubutattun nau'o'in wannan tatsuniya shi ne labarin Ye Xian, wanda Duan Chengshi ya rubuta a ƙarni na 9, zamanin daular Tang, kuma a cikinsa ma akwai matar uba da takalmin da ya ɓace. Amma Sabuwar Bejin ta littafin ba ta wuce sunaye da fitilun biki da ɗan abinci ba. Yadda mutanen ke magana da tunani na matasan Amurka ne. Da aka zo Cress kuwa, inda Rapunzel ta zama gwanar kutsen kwamfuta da aka kulle shekara 7 a cikin tauraron ɗan'adam maimakon hasumiya, sai tauraron ya faɗo a hamadar Sahara, ita da Kyaftin Thorne wanda ya makance kamar yariman tatsuniyar. Kullewar a sararin sama dabara ce mai kyau, domin yarinyar tana kallon duniya duka ta allunan kwamfuta ba tare da ta taɓa taka ƙasa ba, kuma yadda ta ruɗe da ganin rairayi da faɗin sama ya ratsa ni. Sai dai a duniyar da motoci ke shawagi a iska, abin da aka tanadar wa nahiyarmu shi ne ƙishirwa da ayarin fatake da masu sayar da mutane, har zuwa garin Farafrah. Wanda ya san biranen da ke bakin wannan hamada zai ji cewa marubuciyar ta yi tafiyar ɗaruruwan shekaru zuwa gaba amma ta bar Afirka a inda tsoffin littattafan Turawa suka ajiye ta.

Scarlet, wanda ya kai labarin yarinya mai jan mayafi da kyarkeci zuwa karkarar Faransa, ya mai da kyarkecin sojan da aka sauya wa halitta, yana da saurin tafiya, ba ni da dogon zance a kansa. Winter ya haura shafi 800, kuma rabin nauyinsa ya zo ne daga ƙoƙarin haɗa 'yan mata huɗu da samari huɗu, kowace da nata, kamar dai ba a yarda yarinya ta gama labari ba tare da an yi mata miji ba. Iyayen da ke tambaya ko littattafan sun dace da yara su sani cewa soyayyar da ke cikin jerin Meyer ba ta wuce kima ba bisa ma'aunin littattafan matasa na can, amma akwai kisa da azabtarwa, musamman a Fairest na 2015, wanda ya ba da tarihin Levana, don haka na 'yan sakandare ne, ba na 'yan firamare ba.

Wasu abokaina suna ganin duk wannan lalaci ne, wai wanda ya rasa labarin kansa shi ke komawa ga na kaka. Ban yarda da su ba, kuma mu Hausawa mun fi kowa sanin dalili. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Grimm da wasu wurare ya zuba a Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, ya ba su sarakuna da fadawa da kasuwanni irin namu, har yau ba wanda ke karantawa ya ji baƙon abu. Aro bai rage masa daraja ba, domin ya san ƙasar da ya kai labaran ciki da waje, kuma wannan sanin ne ya yi wa Meyer ƙaranci a Bejin da Sahara. Tafiya sararin sama ma ba sabuwa ba ce a rubutunmu, tunda Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Idan wani marubucinmu ya so ya gwada wannan salo da labarin 'yar mowa da 'yar bora, abin da zan so in gani shi ne ya bayyana mana tsarin da ya ba uban damar fifita ɗaki ɗaya a kan ɗaya a wannan sabon zamani, da abin da ya hana maƙwabta magana, ba ya sa wa bora kwamfuta a ka ya sallame mu ba.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne jaridar nan ta riƙa ware ɗan fili lokaci-lokaci domin sharhin littattafan da matasanmu ke karantawa da Turanci, a kuma bar su su rubuto da kansu, domin na tabbata akwai 'yan makarantar da za su ƙalubalanci abin da na faɗa game da Gimbiya Selene, kuma ina son in ji hujjarsu.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku,
daga Zariya.