Amsa ga 'yata da ta tambayi bambancin kuka da kururuwa

Assalamu alaikum, 'yata. Kin miƙe a taron matan unguwarmu kin tambaye ni ko kuka da kuwwa da kururuwa duk abu guda ne, tunda a gidan rasuwa da zarar mace ta zubar da hawaye sai a daka mata tsawa a ce haramun ne. Ga amsata a rubuce don sauran 'yan'uwa su gani.

Ba guda ba ne. Kuka faɗi gare shi: jariri na kuka, tsuntsu na kuka, talaka na kai kukansa wurin hakimi. A cikinsa akwai ƙwallar da ke cika ido, akwai shassheƙa, inda kafaɗu ke rawa amma murya ba ta fita sosai. Kuwwa, yadda muke faɗi nan Sakkwato, kiran neman agaji ce: gobara ta tashi, ɓarawo ya ƙetaro katanga, yaro ya faɗa rijiya. Mai kuwwa ɗauki take so a kawo mata. Kururuwa kuwa ita ce a ɗora hannu biyu a ka, a saki murya iya ƙarfi, ana birgima a tsakar gida ana "na shiga uku, na lalace, wa ka bar mini!"

Wannan ta ƙarshen ita malamai ke tsawatarwa a kai, domin hadisi ya hana marin kumatu da yage tufafi da kiraye-kirayen jahiliyya. Amma Manzon Allah (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Nan gida ma, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a 1837, 'yar'uwarsa Nana Asma'u marsiyya ta rubuta masa. Wa zai ce 'yar Shehu ba ta san haddin shari'a ba?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne uwar da aka fita da gawar ɗanta, tana zaune bisa tabarma ta rufe fuska da mayafi tana shassheƙa, sai wata ta ce mata "ki bari, kina ƙona shi." Wallahi wannan zalunci ne. In kin tarar da irinta a zaman makoki, 'yata, ki zauna kusa da ita, ki riƙe hannunta, ki dinga jan ta da "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un" har ta kama da bakinta.

Wassalam,
Gwaggonki