Zuwa ga 'yata a Abuja, a kan cimar jikokina

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yaran. Mu nan sai godiyar Allah.

Autarmu ta dawo daga wajenku, kuma kada ki ga laifinta, ni na tsare ta da tambaya. Ta ce ɗan maigidana ba ya karyawa sai da biskit da lemon kwali, da rana kuma taliyar leda, miya ko kallonta ba ya yi. Kishiyata kuwa, da ko shekara biyu ba ta cika ba, wai ba ta buɗe baki sai an jingina mata waya a gabanta. Tun da na ji wannan ban yi barcin kirki ba.

Kin san abin da nake tsoro, ciwon sukari. Kina tsaye a ɗakin nan ranar da likita ya ce sai an yanke, kin ga irin kallon da Malam ya yi wa ƙafarsa. Gwaggonki ma da ciwon nan ta tafi, bayan ya cinye mata idanu. Ciwon sukari yana bin jini, kuma jinin nan yana jikin 'ya'yanki. Gado ba a hannunmu yake ba. Amma zaƙi da ƙiba da zaman wuri ɗaya su ke buɗe masa ƙofa, su kuwa a hannunki suke. Kwalbar lemo ɗaya, 'yar santilita 35 ɗin nan, sukarin cikinta ya kusa cokalin shayi 9. Ki auna su a faranti ki kalla, sannan ki faɗa min ko za ki iya ɗura wa yaro ɗan shekara huɗu wannan da hannunki. Idan na tuna Malam yana lalube da sanda a tsakar gida, sai in ga fuskar mai sunansa, gabana ya faɗi.

Na san za ki ce aiki ya yi miki yawa, yaro kuma in ya ƙi abinci ya ƙi. Ni ma da aikin asibiti na rene ku, har da kwanan dare, ban taɓa sallamar ku da alawa don ku bar ni in huta ba. Kun yi fushi da ni a kan haka, ke ce ma kan gaba. Ki yi haƙuri in faɗa miki, abin da kike yi ba gata ba ne, neman sauƙi ne. Kin yi karatun da ya fi nawa, bai kamata a ce ni ke tuna miki ba.

Yaro ba ya cin abin da bai ga uwarsa tana ci ba. Ku zauna tare a tabarma ɗaya, a kashe talabijin. Kunun gyaɗa da ƙosai, alala, faten wake da alayyahu, kwaɗon zogale, gwanda, kankana, duk akwai su a kasuwar Wuse. In ya ture yau, ki sake kawowa jibi, ba duka ba tsawa. Kuma kada zaƙi ya zama ladan cinye tuwo.

Sai wasa. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu yana bukatar motsa jiki na minti 180 a yini, wanda bai kai shekara biyu ba kuwa kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin. Ku da kuka tashi kuna langa da ɓuya da gaɗa a dandali ba wanda ya ƙirga muku. Tun da gidanku a killace yake, ki fitar da su harabar da la'asar, a sayi ƙwallo da igiyar tsalle, ubansu ya riƙa zagayawa da su bayan sallah.

Ban rubuto don in ɓata miki rai ba. Na san irin son da kike musu, kuma na san kina ƙoƙari a garin da ba ki da kowa. Na ba direban da zai zo ranar Asabar garin kunu da kuka da busasshen zogale. Ke ma ki je a auna sukarinki, ki kira ni ki faɗa min abin da aka gani.

Ki gaishe da maigidan. Allah ya raya mana su, ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki